Ƙotar wuƙar daji: itace, ƙaho, fata ko roba, wace ce ke jure hunturu da damana?

Duk shekara idan Sallar Layya ta matso, cinikin wuƙaƙe kan tashi a kasuwar Katako ta Yamai, da Kasuwar Dole ta Damagaram, da babbar kasuwar Maraɗi. Mai saye ya ɗauki wuƙa, ya shafa bakinta da babban yatsa, ya aske ɗan gashin hannunsa don ya ga kaifi, ya yi ciniki ya biya. Da wuya a ga wanda ya tsaya duba ƙota. Alhali wuƙar da ta dakushe, dutsen washi na gyara ta cikin minti biyar; wadda ƙotarta ta tsage ko take santsi kuwa, yatsun mai ita take ci.

Ga makiyayi, da manomin da ke kwana a gona, da mafarauci, da direban da ke bin doguwar hanyar Agadas, maganar ta fi haka nauyi. Wuƙa guda ce ke yi musu yankan igiya, da feƙe turke, da fiɗa, da sassaƙa, kuma likita na da nisa. Idan hannu ya zame daga ƙota ya hau ruwan wuƙa, cikin yatsu yake yankewa, daidai inda jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsa suke. Irin wannan rauni ɗauri ba ya isar masa; sai an yi aikin ɗinke jijiya, in ba haka ba yatsan ya tsaya a miƙe har abada.

Abin da ƙota ke fuskanta a nan

Yawancin wuƙaƙen daji da ake yabo a duniya an ƙera su ne don ƙasashen sanyi. A garin Mora na ƙasar Suwidin ana ƙera wuƙaƙe tun 1891, kuma ƙotarsu ta asali itace ce mai jan fenti. Mutanen Finland da ƙabilar Sami masu kiwon barewar ƙanƙara su ma itace da ƙahon barewa suka zaɓa, domin a can ƙarfe tsirara na manne wa fatar hannu saboda tsananin sanyi. Matsalarsu ke nan, kuma sun warware ta.

Matsalar Sahel daban ce. A tsakiyar hunturu laimar iska a kudancin Nijar kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta haura kashi 70. Tsakanin biyun ga bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Yamai. Itace, da ƙaho, da fata, duk suna shan laima daga iska suna kuma fitar da ita. Busasshen itace da ke ajiye a iskar hunturu ruwan da ke jikinsa bai fi kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa ba. A damana yakan kai wajen kashi 15. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya fitar sai ya tsuke, kuma a faɗinsa yake yin haka, ba a tsawonsa ba. Ƙota mai faɗin santimita 3 na iya motsawa kusan milimita guda tsakanin Agusta da Janairu. Ƙarfen da ke cikinta kuwa bai san da wata laima ba, yana nan yadda yake. Daga wannan saɓani ne girgiɗi da tsagewa ke farawa.

Duk wanda ya taɓa riƙe wuƙar Opinel mai naɗewa ya ga abin da idonsa. Wannan wuƙa ta yankin Sabuwa na Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890, ƙotarta ta itacen da Faransawa ke kira hêtre ce. Da damana ta zauna sai itacen ya kumbura ya matse ruwan wuƙar, har sai an ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan wani abu mai tauri kafin ta buɗe. Da hunturu kuma sai ta saki, ta riƙa buɗewa da sauƙi fiye da kima. Wuƙar ba ta lalace ba, itacen ne ke bin iska.

Itace: ba kowane ba

Duk da haka itace ne ya fi dacewa da yawancin mutane. Ba ya ɗaukar zafin rana, ba shi da nauyi, hannu mai gumi na kama shi, kuma idan ya lalace kowane masassaƙi na iya maye gurbinsa. Tambayar ita ce wane itace, kuma yaya ya bushe.

Aduwa na cikin na gaba. Itacenta mai tauri ne, zarensa a matse, yana sassaƙuwa sumul, shi ya sa ake yin allon karatu da ƙotocin kayan noma da shi. Marke ma an daɗe ana yin ƙotar gatari da fartanya da shi, yana jure duka. Ƙirya ta fi su duka tauri da nauyi, ita ce ta turmi da taɓarya da gawayin maƙera. Ƙotarta ja ce mai duhu, gara ba ta son ta, sai dai tana dakusar da kayan aiki, kuma a kan ƙaramar wuƙa nauyinta kan rinjayi ruwan. Kanya ƴar'uwar baƙin itacen nan ne mai tsada da ake yi wa ado da azurfa a Agadas. Zuciyar tsamiya da ta bagaruwa da magarya duk suna yi. Dogon yaro, wanda ya cika titunan birane, matsakaici ne: ƙwari ba sa cin sa sosai, amma zarensa a harɗe yake, yana bukatar haƙuri wajen gogewa.

Waɗanda ba su yi ba su ma sanannu ne. Gawo na da daraja a gona, amma itacensa mai laushi ne, ƙwari na huda shi. Kuka kamar soso take. Katakon akwatin kaya da ake tsinta a kasuwa, wanda ake yi wa fenti a ɗaura wa wuƙaƙen araha, da ƙyar yake kai Layya biyu.

Ko a cikin itace mai kyau akwai bambanci. Zuciyar itace, wato tsakiyarsa mai duhu, ta fi farin da ke kusa da ɓawo jure ƙwari da ruɓewa. Zaren itacen kuma ya kamata ya bi tsawon ƙotar daga sama har ƙasa. Idan ya karkace ya fita ta gefe, nan za ta karye ranar da aka danna ta da ƙarfi. Gurbin reshe a jikin ƙota yana da kyan gani, amma tsagewa daga nan take tasowa.

Babban aibi dai shi ne ɗanyen itace. Masassaƙin da ke sauri kafin Salla zai iya sassaƙa reshen da bai fi mako biyu da sarewa ba. A ranar saye ƙotar ta kama gam; bayan wata uku ta tsuke, ta tsage daga baki, wuƙar na rawa a ciki. Itacen ƙota na son ya sha hunturu guda aƙalla a inuwa, a shafe bakinsa biyu da kakin zuma ko fenti don kada ya bushe da gaggawa ya dare. Daga nan wata dabara ta fito wadda ba ta cin ko dala: ƙotar da aka ɗaura a tsakiyar hunturu, lokacin da itace ya gama tsukewa, ƙara kamawa take yi idan damana ta zo. Wadda aka ɗaura a Agusta sakewa za ta yi.

Akwai kuma doka. Aduwa, da tsamiya, da gawo, da maɗaci, da madobiya na cikin itatuwan da hukuma ke karewa a Nijar, ba a sare su ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji ba. Madobiya ma ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017, bayan sarar da aka yi mata a Afirka ta Yamma. Amma ƙotar wuƙa ba ta kai a sare itace dominta ba. Tsohuwar taɓarya da ta karye, ko guntun ƙotar gatari, sun bushe shekara da shekaru, sun sha gumi da duka, kuma guda ɗaya na fitar da ƙotar wuƙa uku ko huɗu.

Inda ƙarfe ya sadu da ƙota

Kafin a wuce ga sauran kayan, akwai abin da ya shafe su duka: yadda aka haɗa su da ƙarfen. Sashen ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, a kira shi wutsiyar wuƙa, shi ke ɗaukar nauyin aiki.

Hanyar da aka fi sani wajen maƙeran gargajiya ita ce a gasa wutsiyar ta yi ja, a soka ta cikin itacen ta ƙona wa kanta hanya. Tana da sauri, kuma ramin na fita daidai siffar ƙarfen. Illarta ita ce cikin ramin ya zama gawayi, gawayi kuwa gari yake zama. Bayan watanni sai rami ya fi wutsiya girma. Maƙerin da ya san aiki huda ramin yake yi tukuna, ya ƙona kaɗan kawai don daidaitawa, ya kankare baƙin, sannan ya sa zoben ƙarfe ko na tagulla a bakin ƙotar don hana ta darewa. Ya fi kyau wutsiyar ta ratsa ƙotar ta fito ta gindi, a lanƙwasa ta ko a dake kanta a kan wani ɗan faifan ƙarfe. Wutsiyar da ba ta wuce tsawon yatsa biyu a kwance ba, wuƙar yanka albasa ce, ba ta daji ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙarfen ya zarce da faɗinsa har ƙarshe, a ɗora ɓari biyu na itace hagu da dama, a ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku na tagulla. Ita ta fi ƙarfi, ita ce ke jure a doki bayan wuƙa da sanda don faskara itace. Amma a nan tsukewar hunturu ta fi bayyana: itacen ya ja da baya, gefen ƙarfen ya fito yana cizon tafin hannu, ruwa da jini kuma su shiga tsakanin su haifar da tsatsa a ɓoye. Gam ɗin zamani mai bututu biyu, wanda ake gaurayawa kafin a shafa, yana toshe wannan kafa. Ƙaro ba ya yi, domin ruwa na narkar da shi.

Ƙaho, ƙashi da fata

A ƙasar da ke da shanun Bororo masu dogayen ƙahoni, ƙaho abu ne da ke zube a mahauta. Yana da kyau idan an goge shi, jini ba ya shiga jikinsa da sauƙi, kuma zafi na tausasa shi har a lanƙwasa shi yadda ake so. Sai dai ƙarshensa ne kawai ke da ciki a toshe. Sauran bututu ne. Ƙaho irin abin da ya yi farce ne, a jere yake falle-falle, shi ya sa bushewar hunturu kan sa ya fara ɓarewa, rana kuma ta sa wanda aka miƙar ya nemi komawa lanƙwasarsa ta asali. Wasu ƙananan ƙwari ma na cin sa idan ya daɗe a ajiye. Babban abin dubawa shi ne santsi: gogaggen ƙaho da kitsen rago a hannu, haɗari ne a fili. Wanda ya nace sai ƙaho, to a yi masa zane ko tsage-tsage a jiki.

Ƙashin ƙafar raƙumi ko na sa ya fi ƙaho tsayawa a siffarsa, amma ba ya lanƙwasa, fashewa yake idan ya faɗi a kan dutse. Ya fi dacewa da ado a baki ko a gindin ƙota. Hauren giwa kuwa babu zancensa: an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989.

Fata ita ce abin alfaharin yankin. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda majema ke jemewa da ƴaƴan bagaruwa, ta yi suna har Turai, kuma dukawa da maƙeran Buzaye sun iya lulluɓe ƙota da ita har ta zama kamar a jikin itacen ta tsiro. A hannu babu abin da ya kai ta daɗi, ba ta zamewa, ba ta zafi. Ga wuƙar ɗamara ko ta yankan igiya ta isa. Ga wuƙar fiɗa kuwa ba ta yi ba ko kaɗan: tana shan jini da kitse, ba ta wankuwa har ciki, tana wari, kuma tana riƙe laima a jikin ƙarfe.

Akwai wata hanyar aiki da fata da ta fi lulluɓi ƙarko: a yanka ta faifai-faifai masu kauri, a zura su ɗaya bayan ɗaya a wutsiyar, a matse sosai, a sassaƙa. Haka ƙotar wuƙar Ka-Bar take, wadda sojan ruwan Amurka suka fara ɗauka a 1942. Da fatar sa ko ta raƙumi ana iya yin ta a nan, muddin za a riƙa shafa mata kaki. In ta bushe faifan kan tsuke su fara juyawa.

Ƙarfe da roba

Ƙotar alminiyam da ake zubawa, irin aikin masu ƙera tukwane, ba ta tsagewa, gara ba ta ci, kuma tana wankuwa tas. Haka ƙotar Douk-Douk, wuƙar da gidan Cognet na garin Thiers ya fitar a 1929, wadda fallen ƙarfe ce kawai aka ninka, ta kuma bazu a arewacin Afirka da ƙasashen da Faransa ta mallaka saboda araha da ƙarko. Amma alminiyam na kai zafi fiye da itace sau dubu da wani abu. A bar irin wannan wuƙa rabin awa a kan dutse ko a gaban mota cikin watan Afrilu, sai an nemi tsumma kafin a ɗauke ta. Ga santsi idan ta jiƙe.

Roba iri-iri ce, kuma a nan ake yawan cutar mai saye. Mai ƙwari marar sheƙi, irin wadda ake yi wa wuƙaƙen mahautan zamani, ba ta shan komai, ana wanke ta da ruwan zafi da sabulu, kuma laimar iska ba ta motsa ta. Don aikin nama babu wadda ta fi ta tsafta. Wasu wuƙaƙen Morakniv na yanzu irin wannan robar ce a ciki, aka lulluɓe ta da wata mai taushi don kama hannu. Mai taushin na da daɗin riƙo ko da ruwa, sai dai rana, da fetur, da wasu magungunan sauro na shafawa masu sinadarin DEET na iya lalata ta, ta fara danƙo ko ta sassaɓe. Mai sheƙi marar nauyi da ke kan wuƙaƙen araha kuwa, sau da yawa cikinta fanko ne, wutsiyar gajera. Rana ta gasa ta shekara guda, ta fashe kamar ƙwarya.

Robar cikin taya da ake yankawa a nannaɗe ƙota da ita gyaran gaggawa ne mai kyau, ta ceci adda da wuƙa ba adadi. Amma ruwa na kwana a ƙarƙashinta, kuma tana ɓoye tsagewar da ya kamata a gani. Igiyar nailan da ake naɗawa ma haka: sai ta sha jini a gane.

Sama da waɗannan akwai abubuwa biyu da maƙeran wuƙa na waje suka fi yabawa. Micarta, wadda kamfanin Westinghouse na Amurka ya samar wajen 1910 don kayan lantarki, yadi ne ko takarda da ake jerawa falle-falle, a jiƙa da gam, a matse da zafi har ya zama kamar katako. Ba ta kumbura, ba ta tsukewa, ba ta ɗaukar zafi, kuma wadda aka yi da kakkauran yadi ba a goge ta sumul ba tana kama hannu ko a jiƙe. Idan da za a zana abin da ya dace da Sahel daga farko, kusan ita za a zana. G10 kuma zaren gilashi ne da gam, ɗan'uwan koren faifan nan da ke cikin rediyo da salula. Ya fi tauri, ya ɗan fi nauyi, kuma ƙurarsa na cutar da huhu, ba a goge shi ba tare da rufe hanci da baki ba. Ba a cika samun su a kasuwannin nan ba, amma ana iya yin mai kama da Micarta da tsohon wandon jins da gam mai bututu biyu, a matse tsakanin katako biyu har ya daskare.

Gwajin kasuwa

Komai kyan abin da aka yi ƙota da shi, siffa na iya ɓata shi. Hannun babban mutum na bukatar ƙota mai tsawon santimita 10 zuwa 12. Wadda take zagaye sak kamar sanda tana juyawa a hannu, kuma a cikin duhu mutum ba ya sanin inda bakin wuƙa ya fuskanta. Mai siffar ƙwai, mai ɗan tudu a tsakiya, ita ce daidai. Ramukan yatsu da ake sassaƙawa suna burge ido, amma riƙo ɗaya kawai suka yarda da shi, wuƙar daji kuwa ana juya ta ta kowace fuska. Abin da bai kamata a rasa ba shi ne ɗan tudu ko shinge tsakanin ƙota da kaifi. Launi ma na da amfani: ƙota ja ko ruwan goro ana hango ta cikin ciyawa, baƙa da ruwan ƙasa sai a taka.

Mai saye na iya gane yawancin aibobi kafin ya biya. Ya riƙe bayan ruwan wuƙar da tsumma ya murɗa ƙotar. Ko ɗan motsi kaɗan ya ji, ƙaruwa zai yi. Ya ƙwanƙwasa ta a tafin hannu ya saurari ƙara. Ya duba mahaɗa ko farce na shiga. Ya danna farce a itacen, domin wanda farce ya yi wa alama bai kai taurin ƙota ba, kuma fenti mai kauri ko fata sabuwa na iya rufe katakon banza. Sannan ya jiƙa hannu, in da hali da ɗan sabulu, ya matse ƙotar ya ja ta baya a hankali, bakin wuƙar na kallon nesa da jikinsa. Wadda ta sulluɓe a rumfar kasuwa, a kan rago ma za ta sulluɓe.

Bayan saye, ƙotar itace da ta ƙaho na son mai sau biyu a shekara, da shigowar hunturu da kuma kafin ruwan farko. Kakin zuma da aka narkar da ɗan man kaɗe ya isa. Man gyaɗa na yin ɗoyi idan ya daɗe, baƙin man mota kuwa bai dace da wuƙar da ke taɓa abinci ba. Ba a jiƙa wuƙa a bokiti ta kwana, ba a shanya ta a rana ko a bakin murhu, kuma ba a mayar da ita kube sai ƙota da ruwan duk sun bushe.